Naman da Na Buga wa Hatimi

Tankwalbu, 18 ga Afrilu, 1993

Gwaggo Posibo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya gwiwar? Kina shafa man nan, ko kin koma halinki na sai gobe? Ki gaida mutanen gida da abokan aikinki na ofishin makaranta, har da tsohuwar tafiretar nan taki mai haɗiye harafi. Ni lafiyata lau, sai zafin da ya hana ko jaki kuka da rana.

Albishirinki, Gwaggo. Wata uku ina zaune a garin nan ba mai kirana sai don kaza mai mura, amma ranar Laraba na yi aikin likitan dabbobi na gaske. Ana bikin mutuwar tsohon maigari, dangi sun zo har daga Kancari, burkutu ya fi tulu hamsin. Bijimin da aka ware don bikin ya kwana lafiya ƙalau, da safe aka tarar da shi yana shure-shure, kafin a kawo wuƙa ya cika. Diyasibo, babban ɗan marigayin, ya zo gidana ko takalmi babu. Ya ce, "Likita, rufa mini asiri. Baƙi ɗari uku, ba ni da wani san. In ka ce a ci, a ci."

Akwai wani tsohon mahauci a nan, Kanfidini, mai taurin kai kamar ƙofar rumbu. Ya zagaya bijimin sau biyu hannu a baya, ya ce shi yau wuƙarsa ba kaifi. Na ce, Baba, ga tawa. Ya ce, "Ɗan nan, jinin nan bai yi mini ba." Na ce, Baba, jini ai ba miya ba ne da za a ce ya yi ko bai yi ba. Jama'a suka fashe da dariya, ya juya ya tafi abinsa. To ki ji fa, ni da na yi shekara uku gaban manyan malamai, na zo na biyu cikin mutum ɗari biyu da goma!

Da hannuna na feɗe shi. Jinin baƙi ne wuluk, yana fita ta hanci da ta baya, kuma ya ƙi daskarewa. Ƙafafun ba su sandare ba. Saifar ta kumbura ta kusa tsawon hannuna, ta yi luɓus. Nan take na gane: jinin da ba ya daskarewa aikin maciji ne, gobe-da-nisa, ga su nan birjik a gindin duwatsu. Na ce a dafa sosai, na buga hatimi. Wuƙa ta ɗan lashe ni a wuyan hannun hagu, ba abin a-zo-a-gani ba.

Sun ba ni cinya guda, na banda ta. Kin san rabon farko na aiki, na wanda ya ci da kai ne. Kakana da babanki 'ya'yan wa da ƙane ne kawai, da kin ce ba ki da ɗaki ba mai ganin laifinki, amma kika riƙe ni shekara uku. Ga shi nan a hannun Unteni direba. Ki yi miya ki tuna da ni.

Ɗanki,
Yempabu

Wagadugu, 21 ga Afrilu

Yempabu, na ƙone naman da kananzir. Kada ka sake taɓa fatar bijimin nan. Ka tafi asibitin Diyapaga yau. Motar Unteni na tashi, doguwar takarda na biyo gidan waya.

Posibo

Wagadugu, 22 ga Afrilu

Ɗana Yempabu,

Ina gaishe ka. Gwiwa na nan yadda ka barta, mutanen gida lafiya. Kai ne ban san lafiyarka ba.

Allah ya taimake ni ina da halin karanta takarda kafin in kwance ƙunshi. Ina kaiwa kan saifar nan sai na tashi neman kananzir. Kai, Yempabu, kai! Ba maciji ba ne. Ciwon saifa ne, wanda ke tashi daga dabba ya kama mutum ta fata, ta ciki, ya kashe shi.

Za ka ce mai buga tafireta me ta sani. Gaskiyarka, ban taɓa ganin cikin saniya ba sai a tukunya. Amma shekara goma sha huɗu ke nan ni nake buga darussan malaminku, Malam Ilbudo. Shafin ciwon nan na buga shi sau goma sha huɗu, kuma duk sanda tafiretar ta haɗiye harafi sai na koma na karanta layin a hankali don in gyara. Ya zauna mini a kai ko ina so ko ba na so. Mutuwar farat ɗaya, baƙin jini ta hanci da dubura, gawa ba ta sandarewa, saifa ta kumbura. Kamar daga shafin ka kwafo takardarka.

Na buɗe akwatin littattafan da ka bari ƙarƙashin gado, wanda ka ce ya yi maka nauyin ɗauka. Ga shi nan a littafin shekara ta biyu, da kyakkyawan rubutun nan naka da 'yan aji ke layi don su kwafa. Har ka ja layi biyu da jan biro a ƙarƙashin "kada a feɗe." Na zauna a ƙasa da littafin a cinya ina kuka kamar wata sakarya.

Yau da safe na tare Malam Ilbudo a baranda, ban faɗi sunanka ba. Na ce, Malam, in ɗalibinka ya ga irin wannan gawar a daji zai gane ta? Ya ce, "Haba, ai na koyar da shi. Awa biyu cur." Na ce, sun taɓa ganin saifar da idonsu? Ya ce, "Posibo, motar makaranta shekara huɗu tana kan duwatsu. A ka zan ɗauke su zuwa mahauta?" Ya wuce aji yana gyara tabarau.

Ga shafin na sake bugo maka. Ka je asibiti ka faɗa musu sunan ciwon da bakinka, allura ce za su yi maka, in an yi da wuri ana warkewa. A ƙone fatar da ƙasusuwan, a haƙa rami mai zurfi a binne. Duk wanda ya taɓa ɗanyen naman nan ka kai shi. Da ƙafata na da kirki da yanzu ina hanya.

Gwaggonka,
Posibo

Tankwalbu, 25 ga Afrilu

Gwaggo Posibo,

Ina gaishe ki, tunda ni dai ban manta da gaisuwa ba. Ina fatan kina lafiya. Ni lafiya.

Unteni ya miƙo mini 'yar takardarki a bainar jama'a, ina ta washe baki ina cewa bari ku ji godiyar Gwaggona. Layi uku, ko sannu babu. Kwana uku ina tsugune gaban hayaƙi ina juya naman nan, idona na ruwa, ke kuma kika zuba masa kananzir. In mushe ne ba kya ci, ai da kin ba maƙwabta kin rufa mini asiri. Na san Wagadugu ta daɗe da wanke miki baki daga naman ƙauye, amma ban taɓa jin inda aka ƙone rabon farko ba sai in ana so a yanke zumunci. In wani laifi na yi miki a zamana gidanki, ki faɗa mini. Doguwar takardar da kika ce ba ta iso ba.

Maganar fata kuma, ba a hannuna take ba. Makaɗa sun karɓa za su ɗaura wa babbar gangar gidan maigari, tana can a shanye. Asibiti kuwa in je in ce me? Ɗan ƙurji ne ya fito inda wuƙar ta taɓa ni, ya yi ƙaiƙayi kwana biyu, yanzu tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi, gefen ya ɗan tasa. Ko kaɗan ba ya zafi, har matsa shi nake yi. Abin da ba ya ciwo ai ba ciwo ba ne.

Macizan nan dai sun dame mu. Shanu biyu sun ƙara faɗuwa a garken Diyasibo. Ba su ma wahalar da ni ba, sun ce likita ya riga ya faɗa, suka feɗe abinsu. Kin ga mutane sun fara koyo.

Yempabu

Tankwalbu, 3 ga Mayu

Gwaggo,

Ki gafarce ni. Ina gaishe ki, ina roƙon ki yaga takardata ta baya. Taki ta iso ranar Juma'a, a tsaye na karanta ta.

Na je Diyapaga a keke da hannu ɗaya, don ɗayan ya kumbura har gwiwar hannu. Malamin asibitin yana kwance tsumman ya ja da baya ya ce, "Kai da wa kuka feɗe?" Na ce ni kaɗai. Ƙarya na yi, Gwaggo. Ya ba ni allurai, kullum ina yi wa kaina a cinya. Zazzaɓi na zuwa yana tafiya.

Wallahi ina tuna ranar darasin nan. Ina tuna fankar da ke ƙara, da rigar Malam mai ruwan toka, da yadda nake tsere da bakinsa don kada kalma ta wuce ni. Kunne na miƙa wa hannu, hannu na zubawa a takarda, ni kuma ban san inda nake ba. Daren jarrabawa na haddace, da safe na juye, aka ba ni sha takwas cikin ashirin. Da na tsaya kan bijimin nan ko ƙyallin shafin bai zo mini ba. A makaranta ciwon saifa layi tara ne. Ba wanda ya ce mini yana da wari, yana da ƙudaje, kuma mutum ɗari uku za su tsaya suna kallon bakinka.

Tsoro nake ji. Shanu bakwai yanzu. Lamudi matar Diyasibo, wadda ke aiko mini da tuwo tun zuwana, ita ta wanke hanjin saniya ta biyu. Wuyanta ya kumbura, ruwa ma da ƙyar. Mijin ya kai magana wurin mai bugun ƙasa, an ce marigayi ne bai ji daɗin bikinsa ba, za a yanka kaza.

Jiya kasuwa ta ci. Na sa riga mai dogon hannu, na hau kan turmi ƙarƙashin tsamiya, na ɗauko shafinki ina karantawa ina juya musu da Gurmanci, harshen garin. Na yi bayanin ƙwayar cuta, da yadda take kwana cikin ƙasa shekaru, da alamomi ɗaya bayan ɗaya. Sun yi tsit, suna gyaɗa kai. Da na gama wata tsohuwa ta ce, "Kai, yaron nan ya iya magana, Allah ya ƙara ilimi." Wani ya ce, "To likita, mu dai namu maciji ne, ko?" Aka watse. Ko mutum ɗaya bai tambayi hanyar asibiti ba.

Ban ce musu bijimin biki ne ba. Ban ce ni ne ba. Mutanen nan in suka san da hatimina suka ci, ga baƙinsu sun koma garuruwa da ƙunshin nama, ban san abin da za su yi mini ba, kuma ni kaɗai ne baƙo a garin. Na rubuta wa babban ofishinmu da ke garin Fada cewa ana zargin ciwo a yankin, ban faɗi sauran ba. Don Allah kada ki gaya wa kowa a makaranta. In aka karɓe takardar shaidata, da wane ido zan dubi mahaifiyata?

Ɗanki,
Yempabu

Wagadugu, 7 ga Mayu

Yempabu,

Gaisuwa. Na gode wa Allah da ka soma allura, kada ka tsallake ko ɗaya. Takardarka ta fushi na karanta, ban ji haushi ba, ƙurjin nan da ba ya zafi shi ya hana ni barci.

Roƙonka ya zo a makare. Tun ranar da na karanta cewa sun feɗe biyu da kansu na shiga ofishin shugaban makaranta na faɗi sunanka da sunan garin. An yi wa Fada waya. Sun ce za su turo masu rigakafi da zarar an samu man mota. Ka tsane ni in kana so. Takardar shaida ana sake nema.

Yanzu ka saurare ni, ɗan banza mai kyan rubutu. Ka hau turmi ka yi musu abin da aka yi maka shekara uku, sannan kana mamaki sun gyaɗa kai sun tafi? Kai da ka ja layi biyu da jan biro me ya hana ka feɗewa? Mutanen nan ba kurame ba ne. Ka ce musu maciji, kuma ka sa hannu ka feɗe a gabansu ka ɗauki cinya. Abin da suka ga ka yi shi suka koya. Ba wata takarda da za ta goge wannan.

Ka cire rigar nan mai dogon hannu. Ka je gidan tsohon mahaucin da ka mayar abin dariya, ka durƙusa, ka nuna masa hannunka. Sannan ku tafi tare wurin Diyasibo, ka ce ni ne, na yi kuskure, ga abin da ke wuyan matarka a hannuna. Wataƙila su doke ka. Ina tsoron haka. Amma matar nan tana aiko maka da tuwo, Yempabu.

Ka ba Unteni amsa ko layi ɗaya ne. Na yi alkawari ba zan ce ba ka gaishe ni ba.

Gwaggonka

Wagadugu, 23 ga Mayu

Ɗana,

Ina gaishe ka, in kana inda gaisuwa ke isa. Kwana goma sha shida ba amsa.

Sau uku ina zuwa tasha da sandata. Unteni ya ce an rufe kasuwarku, jandarmomi sun tare hanya, shi yanzu a Diyapaga yake juyawa. Na ce me ka ji? Ya ce an binne mutum biyu, mace ɗaya da wani saurayi. Na ce saurayin ɗan gari ne ko baƙo? Ya ce, "Mama, ni dai a wurin mai shayi na ji." Na ce ciwo ne ya kashe shi ko mutane? Ya kau da kai yana duba taya.

Ni na ce ka je ka tsaya gabansu. Kullum sai na sake karanta kwafin takardata ina neman inda zan ce ba haka nake nufi ba, amma haka nake nufi. Jiya Malam Ilbudo ya kawo darussan bana in buga. Na kai shafin nan na kasa, na ce masa tafireta ta lalace.

Ban rubuta wa mahaifiyarka ba. Ban san abin da zan ce mata ba. Duk wanda ya buɗe wannan takarda, in ba Yempabu Lompo ba ne, don girman Allah ya aiko mini da gaskiya.

Posibo

Tankwalbu, 1 ga Yuni

Gwaggo Posibo,

Ni ne. Ina da rai, hannun ya saɓe, ɓawon ya faɗi ya bar rami kamar bakin kwalba. Ina gaishe ki, ina gaida gwiwar da na sa ta zaryar tasha. Takardunki biyu sun same ni. Sau huɗu ina fara amsa ina yagawa.

Saurayin da kika ji ɗan makaɗa ne, shi ya kankare fatar. Macen Lamudi ce. Ta rasu ranar tara ga wata. Takardarki ta iso ranar goma.

Na yi yadda kika ce. Kanfidini na zaune yana wasa wuƙa, na durƙusa na naɗe hannun riga. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Irinsa ne a hannun babana. Ina yaro, sau ɗaya na gani." Na ce, Baba, me ya sa ba ka hana ni da ƙarfi ba? Ya ce, "In hana ka da me? Ban san sunansa ba. Mutum ya ja da mai takarda, hujjarsa kawai 'bai yi mini ba'?"

Shi ya ja ni zuwa zaman makoki. Ban hau kan komai ba. Na ɗaga hannu sama na ce, ba maciji ba ne, ni na yi kuskure, ga shi a jikina. Wuri ya kaure. Wani ƙanen Lamudi ya kwaɗa mini sanda a kafaɗa, da ba don tsohon ya shiga tsakani ba ban san inda za a tsaya ba. Ya daka musu tsawa ya ce, "In kun gama dukansa wa zai duba ku? Kowa ya naɗe hannun riga!" Ya bi layi yana juya hannayen mutane kamar mai sayen awaki, ni ina bayansa. Wata mata ta dubi nawa ta dubi na 'yarta, ta ƙwalla ƙara. Mutum goma sha ɗaya muka samu. Kafin la'asar amalanken jakai huɗu sun kama hanyar Diyapaga, aka tura masu keke garuruwan baƙi. Duka sha ɗayan sun dawo da ƙafarsu. Mun ƙone fatar da gangar, mun haƙa rami ya fi tsayina. Mutanen Fada sun zo daga baya sun yi wa shanu rigakafi, sun tafi da hatimina. An ce in jira takarda.

Daga nan zuwa Diyapaga rabin yini ne a amalanke, Gwaggo. Tun ranar talatin ga Afrilu na san abin da ke wuyanta. Kwana tara ina wucewa ta ƙofar gidan da riga mai dogon hannu.

Diyasibo bai doke ni ba, bai zage ni ba. Shekaranjiya ya zo ya zauna a dakalin ƙofata, muka gaisa. Can ya ce, "Likita, tambaya ɗaya zan yi maka, don in san abin da zan faɗa wa yara in sun girma. A makarantar nan taku, ba a gaya muku wannan ciwon ba ne?"

Da na ce a'a zai yarda. Ina ganin ma abin da ya zo ji ke nan.

Na ce, "An gaya mana."

Ya ce, "To." Ya tashi ya kaɗe wandonsa ya tafi gona.

Ɗanki,
Yempabu